Ma'aikaci guda na masu buƙata ta musamman a kowane ofis: zai yi aiki a Zariya kuwa?

Dan_Kwarbai:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Talata. Na raka yayana wani ofishin gwamnati a gyara masa takarda. Shan inna ta kama shi tun yana ɗan shekara uku, da keken guragu yake yawo. Mai Napep ya caje mu kuɗin mutum uku saboda keken, muka isa muka tarar inda ake gyaran a saman bene yake. Na hau ni kaɗai, aka ce sai mai takardar da kansa don za a ɗauki hotonsa. Ƙarshe sai da na roƙi wasu samari biyu muka ɗauke shi cak kamar buhun masara, jama'a na kallo. Mutumin da ya ba ni shekara 12, magidanci mai 'ya'ya biyar. Har muka dawo gida bai ce mini uffan ba.
Tambayata ita ce, me zai hana kowace sakatariya da kowane asibiti su ajiye ma'aikaci guda wanda aikinsa kenan? Ya tarbi mai larura tun daga ƙofa, ya san inda zai kai shi, in ofishin na sama ne ya sauko da fayil ɗin ƙasa. Ko ana yi ne ni ban sani ba?

MamanIlham:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya haƙuri. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Bazazzagi77:
Shawara ce mai kyau amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu masu ƙafa biyu ma wa ya tarbe mu? Ni sai da na yi sawu huɗu kafin na samu lambar NIN ɗina. A gyara wa kowa, su ma za su amfana.

Gurgun_Kongo:
@Bazazzagi77 sawu huɗun nan da ka yi, sau nawa aka ɗauke ka a ka? Wahalarka ɓata lokaci ce. Tamu akwai ɓata lokacin, akwai ninkin kuɗin mota, sannan ga tozarci a sama.

Bazazzagi77:
Na karɓi gyara ɗan'uwa. Ba da wata manufa na faɗa ba.

Lauya_TudunWada:
Abin da aka yi wa yayanka ba rashin tausayi kawai ba ne, saɓa doka ne. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara yadda mai keke zai shiga, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Wanda aka kama da laifin wariya, in mutum ɗaya ne tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kamfani ne Naira miliyan ɗaya. Ta ce in ana layi su za a fara saurara. Ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar magana da majiyyacin da ba ya ji ko ba ya iya magana. Ta nemi hukumomin gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ita ce kuma ta kafa hukumar ƙasa ta masu buƙata ta musamman da ta fara aiki a 2020. A nan Kaduna ma jihar ta yi tata dokar a 2021, da hukumar da ke kula da lamuransu.
To doka dai ga ta a takarda. Amma maigadin da ya ce muku ku hau bene bai taɓa ganinta ba, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin sanar da shi. Ina ganin gurbin da Dan_Kwarbai ke magana kenan.

Akawu_mai_ritaya:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, na san yadda ake haifar irin wannan teburi na jami'i na musamman da yadda ake binne shi. Takarda za ta zo daga sama cewa kowace ma'aikata ta naɗa jami'in kaza. Mai gida zai duba wa ba ya so, ko wane ne ƙarami a cikin ma'aikata, ya ce kai ne. A ba shi teburi a lungu kusa da ɗakin ajiya, a manna takarda a bango. Ba shi da ko sisi a kasafin kuɗi, ba ya sa hannu a kan komai, in zai ga darakta sai ya zauna a baranda tare da sauran baƙi. Wata shida a yi masa canjin wurin aiki, teburin ya koma wurin ajiye kulolin abinci.
Lokacin Obasanjo, a 2004, aka ƙirƙiro SERVICOM don sauraron koken jama'a a ma'aikatu. Tunani ne mai kyau ƙwarai. Inda shugaban wuri ya ba mai teburin baki, an ga amfani, inda kuma bai ba shi ba sai allon sanarwa ya rage.
Ba ina rushe shawarar ba ne. Ina cewa in za ku nema, kada ku nemi "mutum". Ku nemi a rubuta aikin a cikin jadawalin ayyukan ma'aikatar, a ba wanda ya kai matakin da zai iya ce wa mai ɗaukar hoto ɗauko na'urarka mu sauka ƙasa, shi kuma ya tashi. Yaron da ke ƙaramin matakin albashi na 04 ba zai iya ba ko da ya fi kowa imani.

Dan_Kwarbai:
Baba Allah ya ƙara girma. Kuma abin haushin, na'urar hoton nan ba ta fi a saka ta a jaka ba.

Hauwa_Jushi:
Ni kurma ce. Ina da ciki wata bakwai. Matsalata ba bene ba ce. Ina zuwa awo da sassafe, in ba da kati, in zauna. Ana kiran suna da baki. Ranar farko tun bakwai na safe nake zaune har azahar ta wuce, ashe an kira ni sau uku. Da na je na nuna kunnena, sai ma'aikaciyar ta ɗaga murya tana maimaitawa. Ko da lasifika ta yi ba zan ji ba.
Yanzu da 'yar yayata nake zuwa, shekararta 11, ita ke yi mini tafinta. Ku yi tunani. Ana tambayata abin da ya shafi jikina da mijina, yarinya ce a tsakiya. Akwai abin da na ɓoye ban faɗa ba don kunyarta.
In za a ajiye ma'aikaci wanda bai iya maganar hannu ba, ni ban ƙaru da komai ba.

MamanIlham:
Innalillahi. Hauwa, wannan abin da kika ɓoye don Allah ki rubuta shi a takarda ki miƙa wa unguwarzoma, kada ki yi wasa da ciki wata bakwai.

Sista_Bilki:
Ni nas ce, kuma ba zan kare abin da aka yi wa Hauwa ba. Amma ku ji ta ɓangarenmu. Ranar awo mu biyu ne ko uku a kan mata cike da rumfa, ga ɗakin haihuwa na kira. A makarantar koyon aikin jinya ban koyi ko gaisuwa da maganar hannu ba. Ba mugunta ba ce, ba mu san yadda za mu yi ba ne, sai mu ɓuya a bayan faɗa.
Abin da na fara yi da kaina shi ne in mace ta nuna mini ba ta ji, sai in ja jan biro a gefen katinta, in zaunar da ita a bencin gaba, in lokacinta ya yi in je in taɓa kafaɗarta. Bai ci ko kwabo ba. Sai dai ranar da ba na aiki, shi kenan. Shi ya sa nake goyon bayan a samu wanda za a tambaya in ba a yi ba. A manyan asibitoci akwai ofishin jin daɗin jama'a da ke taimaka wa marasa galihu da kuɗin magani, ana iya ɗora aikin a can in an ƙara musu hannu.

Malamin_Kurame:
Ƙarin haske kan maganar Hauwa. Maganar hannu ba ɗaya ba ce. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame ta samo asali ne daga ta Amurka, tun zamanin Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Akwai kuma maganar hannu ta Hausawa da kurame ke yi a majalisunsu tun kafin boko. Tafintan da ya yi karatu a kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo zai iya tsayawa gaban kurman da ya taso a ƙauyen Giwa ko Soba bai yi makaranta ba, su kasa fahimtar juna. Wanda za a ɗauka sai ya zama ya zauna da kuramen garin nan, ba takardar shaida kaɗai ba.

Hauwa_Jushi:
Gaskiya ne Malam. Ni na yi makaranta, mijina bai yi ba. A gida ta Hausa muke yi.

Sabongari_Boy:
Ni fa ina da tambaya, kada a ce na yi rashin kunya. Me ya sa kowa ke ta "masu buƙata ta musamman"? Kakanninmu makaho suke cewa, gurgu, kurma, kuturu. Har sarauta gare su, Sarkin Makafi, Sarkin Guragu. Yaushe suka zama zagi?

Gurgun_Kongo:
Dubi sunan da na sa wa kaina. Ni ka kira ni gurgu ka gina mini hanyar keke, ya fi mini ka kira ni mai buƙata ta musamman ka bar ni a gindin matakala. Wanda ba na so shi ne "musaki" da "abin tausayi".

Ummu_Sadiq:
A'a Yaya, kai ka girma ka yi fata. Ɗana yara na bin sa da waƙa a unguwa. Suna yana da ciwo.

Makaho_Mai_Alli:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri da kurakuran rubutu, da TalkBack nake amfani, manhajar da ke karanta wa makafi rubutun waya, kuma in yana karanta mini Hausa kamar Bature ne ya sha kunu mai zafi.
Ni malamin makaranta ne, shekarata 14 ina koyarwa. Zan ɗan saɓa wa mai tambaya. Tsorona da wannan teburi shi ne ya zama hanyar da sauran ma'aikata za su wanke hannunsu. Ka shiga ofis, tun kafin ka yi sallama a ce "je ka wurin mutuminku." In mutumin namu ya tafi jana'iza ko ɗaurin aure, sai a ce ka dawo gobe, alhali abin da ya kawo ka kowane akawu zai iya yi a minti biyar. Kun ga an ware mu kenan da sunan taimako.
Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa ba ya buƙatar teburi. In shiga wuri da ɗan jagorana, yaro ɗan aji biyu a sakandare, sai ma'aikaci ya dube shi ya ce "me yake so?" Ni da nake tsaye da gemuna. Idona ne ba ya gani, bakina da kunnena lafiya lau. Akwai wani banki da suka dage sai na dangwala yatsa, na ce ina da sa hannu, suka ce ka'ida ce. Kuma a gaban jama'a aka karanta mini abin da ke cikin asusuna da ƙarfi.
In za a yi jami'in, babban aikinsa ya zama koya wa abokan aikinsa, har ya kai ranar da ba ya nan ba za a gane ba.

Akawu_mai_ritaya:
Malam ka taɓo inda yake ciwo. "Je ka wurin mutuminku" ɗin nan na ji ta da kunnena, a kan wani teburi daban.

Dan_Kwarbai:
Allah ya gafarta Malam, na fahimce ka. Amma ranar Talata da akwai "mutumin namu" ko da guda ne, da ba a ɗauki Yaya a ka ba. Kafin kowa ya koya fa?

Makaho_Mai_Alli:
Ban ce kada a yi ba ɗana. Na ce a san abin da ake nema. Dubi zaɓe. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba makaho damar zuwa da wanda ya amince da shi ya taimaka masa, kuma INEC ta tanadi jagorar ƙuri'a mai rubutun makafi da gilashin ƙara girman rubutu don zabiya. A 2023 ni an shigar da ni gaban layi ba gardama, don duk ma'aikatan rumfar an faɗa musu a wurin horo. Ba wani jami'i na daban aka kawo mini ba.

Injiniya_Samaru:
Tunda an zo maganar gini. Yawancin gangaren keken da nake gani a garin nan na ganin ido ne. Ka'idar ita ce duk tsayin ƙafa ɗaya a ba shi tsawon ƙafa 12. Dakalin da ya kai ƙafa biyu yana buƙatar gangare mai ƙafa 24, da ƙarfen riƙewa a gefe. Mu kuwa sai birkila ya shafe matakala uku da siminti ya ce an gama, wani ma har da tayil mai santsi. Kuma ka haye ɗin ka tarar ƙofar bayi ba ta cin keke. Tsohon ginin da ba shi da lif, mafita mai araha ita ce a sauko da duk ofishin da jama'a ke zuwa ƙasa, manya su koma sama.

Gurgun_Kongo:
Manya su hau bene kullum? Injiniya kana son a kore ka daga garin nan 😂
Akwai wani gangare da na taɓa gwadawa, da ba don wani mai lemo ya tare ni ba da a kwata zan kwana.

Alaramma_Tukurtukur:
Jama'a mu tuna wannan ba baƙon abu ba ne da aka kawo mana daga Turai. Farkon Suratu Abasa a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum ta sauka, makaho ne, ya zo da tambaya a lokacin da ake ganawa da manyan Ƙuraishawa. Daga baya ya zama ladani, kuma an sha barin Madina a hannunsa in an fita. Ba sadaka aka ba shi ba, aiki aka ba shi. Mu kuma masallatanmu nawa ne mai keke zai shiga har sahu? Mu fara da kanmu.

Sabongari_Boy:
Amma Alaramma wasunsu fa su suka zaɓi bara. A 2015 bayan harin bam na sakatariyar Sabon Gari gwamnati ta hana bara, ba su suka fito zanga-zanga ba?

Gurgun_Kongo:
Sun fito, kuma abin da suke cewa shi ne a ba su madadi kafin a hana. Ni gyaran waya nake yi a PZ nan Zariya, ban taɓa miƙa hannu ba. Amma duk ofishin da na shiga, kafin in buɗe baki wani ya zaro Naira 100 ya miƙo mini. Ranar nan takardar haraji na je karɓa.

MamanIlham:
Don Allah a bar maganar bara, za ta kai mu wani wuri. A koma kan tambayar.

Ummu_Sadiq:
Ni abin da nake so in ce, duk maganar ta tsaya kan keke da makanta da kurumta. Ɗana shekararsa tara, ya daɗe bai yi kuka ba da aka haife shi, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Ba ya iya zaman layi, minti goma ya fara ihu yana buga kai. Ka gan shi ba za ka ce yana da komai ba, sai a ce ban iya tarbiyya ba. Haka masu farfaɗiya. Haka zabiya da ake bari a layi cikin rana, ga shi rana ke jawo musu ciwon dajin fata. Wanda zai zauna a teburin nan ya san ba kowace larura ake gani da ido ba, kada ya ce sai na kawo hujja a gaban mutane.

Lauya_TudunWada:
Hajiya, dokar 2018 ta yi tanadin takardar shaidar larura, kuma ta haɗa da ta ƙwaƙwalwa. Ki nemi likitan da ke duba shi ya rubuta miki rahoto ki riƙa yawo da kwafi. Sannan ga masu tambayar ta ina za a fara, akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman, JONAPWD, tana da reshe a jiha. Takardar da ta fito da hatiminsu ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Akawu_mai_ritaya:
Kuma kada ku raina su Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da yaron nan ya ambata. Su suka san gidan kowa. A Zazzau maganar da ta bi ta hannun masu unguwa da hakimi ta isa fada, ciyaman ba ya jefa ta a kwando. In kun rubuta, ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku riƙe. Takardar da ba hatimi ba a taɓa kawo ta ba.

Bazazzagi77:
To wa za a ɗauka a aikin? Ni ina ganin a ba su da kansu, ga kashi 5 ɗin da Lauya ya faɗa.

Hauwa_Jushi:
In an sa gurgu zai iya maganar hannu? In an sa kurma zai karanta wa makaho fom?

Makaho_Mai_Alli:
Hauwa ta gama magana. Ni kaina ban san wahalar kurma ba sai yau da na saurari abin da ta rubuta. Mutum guda ba zai iya mu duka ba, sai dai ya zama yana da lambar tafinta a wayarsa da kuɗin da zai biya shi.

Malamin_Kurame:
Hauwa, wace rana ce awonki na gaba? Akwai wata ɗalibata da ta gama, matar aure ce, ta iya ta makaranta da ta gida. In kin yarda ta raka ki a maimakon yarinyar.

Hauwa_Jushi:
Alhamis. Na yarda Malam, na gode. Zan tambayi mai gidan in turo maka saƙo ta gefe.

Dan_Kwarbai:
Jama'a yanzun nan aka kira ni daga ofishin. Wai hoton Yaya bai hau ba, mu koma ranar Litinin. Ban ma san yadda zan faɗa masa ba.

Akawu_mai_ritaya:
Kada ku hau. Ka bar shi a ƙasa cikin inuwa, ka nemi shugaban sashen mulki, ba mai hoton ba. Ka gaishe shi da girmamawa ka ce mai takardar na ƙasa a kan keke. Lauya, turo masa shafin dokar ya buga ya riƙe a hannu.

Lauya_TudunWada:
Zan turo da daddare in an kawo wuta, wayata saura kashi 4.

Gurgun_Kongo:
Ƙarfe nawa za ku je? In na samu wanda zai zauna mini a shago zan biyo ku, mu zama keke biyu a gindin benen.